Yatsan Shiru-shiru

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya ƙarfin jikin? Ina fatan kumburin ƙafar ya sauka, kuma kina shan magani ba sai Inna ta bi ki da faɗa ba. Ki gaishe min da ita.

Takarda na rubuto don na daina yarda da waya. A gidan wankin nan namu yanzu, ko tari ka yi, kafin azahar an ji a ofis.

Yaya, mun fara abin da kika ce ba za mu iya ba. Tun da allurar da aka manta a cikin zanin gadon asibiti ta soke ki, ta bar ki da ciwon hanta, kamfani kuma ya sallame ki ko sannu babu, ban sake ɗaga zani hankalina kwance ba. Ranar Lahadi mu goma sha tara muka taru a ɗakina, wasu a bakin gado, wasu a kan bokiti. Muka rubuta wa kamfani takarda cewa a ba mu safar hannu mai kauri, a yi mana allurar rigakafi. Da yake yawancinmu ba sa rubutu, na aro tawada a shagon mai buga takardu, kowa ta dangwala babban yatsa. Muka yi alkawarin ba za a miƙa ba sai mun kai arba'in.

Litinin muka miƙa wa Mai Makulli katin shiga a bakin ƙofa kamar kullum, yana ta yi mana murmushin da ban so ba. Kin san shugaban namu, ba ya dariya a banza. Talata ya kira mu ofis ɗaya bayan ɗaya, mu goma sha takwas, bai yi kuskuren ko mutum ɗaya ba. Ya dakatar da shida. Takardar kuwa tana ƙarƙashin katifata, ba ta taɓa fita ba.

Mutum ɗaya ce ba a kira ba. Zan faɗa miki ita idan na tabbatar.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki sannu da jiki. Saƙonki ya iso, na ji kin ce in bi a hankali. To, na bi a hankalin, ga abin da na gano.

Shiru-shiru ce, aminiyarki ta wurin jiƙo, wadda ta goya ki zuwa asibiti ranar da kika faɗi. Na san ranki zai ɓaci, nawa ma ya ɓaci. Amma duba min. A taron ba ta ce uffan ba, ita ce kuma ta fara tashi. Na ɗauko takardar na duba a hasken taga: yatsan kowa ya fito da zanensa, nata kuwa baƙin ɗigo ne kawai, ta murza shi don kada a gane ta. Wanda zuciyarsa ke tare da mu ba ya haka. Ran Alhamis kuma na ga Mai Makulli ya tsaya a gefen baho yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ita kanta a sunkuye.

Ban tambaye ta ba. Me za ta ce? Shirun nan nata da muke ɗauka kunya ce, ashe kunne ne.

Ga labari mai daɗi. Wata likita da ke taimakon ƙungiyoyin ma'aikata ta yarda za ta zo ranar Asabar ta yi mana gwaji da rigakafi kyauta, a ɗakin karatun unguwa. Ta ce in kawo sunaye. Na rubuta kowa har da waɗanda aka dakatar, na bar Shiru-shiru. Na kuma gargaɗi sauran matan cewa duk wadda ta gaya mata wuri ko lokaci, ita ma mun san matsayinta. Yanzu idan ta shigo wurin cin abinci sai a yi tsit. Jiya ta miƙo min ruwa, na ce na ƙoshi.

Kada ki rubuta mata, don Allah.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina fatan kina lafiya, ke da Inna. Ni dai ba lafiya ba, ko da yake babu inda ke min ciwo.

Likita ta zo, an yi wa mutum talatin da ɗaya. Da za mu tafi ta ce kowa ta dangwala a littafinta. Litinin ina miƙa kati, mai gadi ya kalli hannuna ya yi dariya, ya ce wai mun sake yin wata takardar ke nan. Na ce wa ya gaya masa. Ya ce ai ba sai an gaya wa kowa ba, wancan karon ma Mai Makulli yatsunmu ya bi da kallo a bakin ƙofa, yana rubuta sunan duk mai shuɗin yatsa a bayan kwalin sabulu.

Yaya, na kalli yatsana. Mu masu guga da ninki hannunmu a bushe yake yini, tawada takan kwana uku ba ta fita ba. Shiru-shiru kuwa tun asuba take shiga, hannunta cikin ruwan bilic mai cinye kowane tabo, kafin ma Mai Makulli ya zo ya karɓi katunan. Ba wanda ya kai mu ƙara. Mu muka kai kanmu, kuma ni na aro tawadar.

Na ruga wurin jiƙo, aka ce ba ta zo ba. Ran Juma'a allura ta soke ta a cikin zanin ɗakin haihuwa. Ta matse jinin, ta ɗaure da tsumma, ta ci gaba da aiki, don ba ta da wanda za ta gaya wa. Washegari likita tana nan, tafiyar minti goma daga gidanta, ba ta sani ba.

Na same ta a ɗaki zaune. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce abin da Mai Makulli ya tsaya yi a gefen baho, sunan wadda ta tara mu yake nema, ya yi mata alkawarin mayar da ita wurin guga, ta ce ba ta sani ba. Sai ta tambaya ko mun kai arba'in ɗin. Na ce saura uku. Ta ce in kawo takardar ta sake dangwalawa, tunda na ce na farkon bai fito ba.

Na riƙe hannunta na duba. Yatsan fari fat, sumul, shekara goma sha huɗu a cikin bilic sun cinye zanen gaba ɗaya. Ko sau ɗari ta dangwala, ɗigon nan ne zai fito.

Gobe zan kai ta wurin likitar. An ce sai an jira makonni kafin gwaji ya nuna. Yaya, ke kin san wannan jiran, ni ban sani ba. Na hana ki rubuta mata, yanzu ina roƙonki ki rubuta.

Ƙanwarki,
Auta