Jiƙon maɗacin da aka ɗura wa shanun Inna

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Hajiya da yara, da ciwon gwiwar nan taka? Mu nan Gozaki lafiya lau, raina ne kawai a ɓace.

Makon jiya malaman dabbobi suka zo daga Kafur, suka yi wa shanun da Inna ta bar mana allurar ciwon huhu. Wurin ya ɗan kumbura, kamar yadda suka faɗa. Kawu Sale ya ce dafi ne, sai an wanke shi daga jini. Ya sa aka jiƙa sassaƙen maɗaci har ya yi jawur, yana ɗura musu da kwalba safe da yamma, ba awo. Na ce, "Kawu, masu binciken itatuwan nan ma aunawa suke yi." Ya ce, "Ke mai littafi, saniya nawa kika taɓa tatsa?"

Jar saniyar nan ta kwana uku tana zawo, ta mutu da cikinta. Yaya, ni na daka sassaƙen, don kada a ce na yi wa babba gardama. Yanzu da na ɗaga taɓarya sai in ji kukanta a bayan danga, in leƙa in tarar da turke kawai.

Saura huɗu, ba mu ma san ko allurar ta kama su ba, kuma Kawu ya sake jiƙa wani. Ka kira shi yau, tunda muryar namiji kaɗai ke shiga kunnensa. In ba ka kira ba, a gabansa zan kifar da tukunyar, ku zo ku ba shi haƙuri.

A gaida Hajiya. Ku sa mu a addu'a, har da bakina.

Ƙanwarka,
Binta