Hoton da aka ɗauke ni a Ingila ya raba ni da iyalina

Assalamu alaikum jama'a masu karatu. Edita, ka taimake ni ka sakaya sunana, ku kuma don girman Allah ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle, abinci ma ba ya shiga.

Ni mutumin Gashuwa ne ta ƙasar Bade, Musulmi ɗan Musulmi, aikin dispensa, wato ba da magani, nake yi a wani ƙaramin asibitin kutare na 'yan mishan a bayan garin Nguru. Abin da ya kai ni wurin tun farko yayana ne, Yaya Sale, masunci ne, ciwon ya kama shi har ya cinye masa yatsu, taru ma ba ya iya riƙewa. Ni na kawo shi, ina jinyarsa Baturen wurin, wanda muke kira Likita Dogo, ya ga ina da hannun aiki ya koya mini wankin miki da allura. Tsakanina da Allah bai taɓa hana ni salla ba, ya kan yi mini wa'azi wani lokaci, in saurara, in ce masa ina nan kan addinina, ya yi dariya mu ci gaba da aiki.

Bara sai ya ce za a yi babban taron 'yan mishan a Ingila, yana so in raka shi in faɗa wa mutanen can halin da kutarenmu ke ciki, ko Allah zai sa su turo mana sabuwar ƙwayar maganin nan da ake cewa tana tsayar da ciwon. Matata Fanna ta tsorata, surukina Ba Modu, wanda fataucin banda yake yi a Gashuwa, ya ce shi bai so ba amma ba zai hana ba. Na dubi hannun Yaya Sale na ce zan je.

Muka hau jirgin ƙasa daga tashar Nguru har Ikko, daga nan jirgin ruwa, na yi amai har na zaci a teku za a binne ni. A can an karɓe ni da mutunci, ba zan yi musu ƙarya ba. Mutane ne daga ƙasashe iri iri, har da na Indiya. A ɗakina nake sallata, Likita da kansa ya samo mini butar shayi nake alwala da ita.

Ranar da zan yi magana aka ce in cire kwat in sa babbar rigata da hula. Na tsaya gaban jama'ar da ban taɓa ganin yawanta a ƙarƙashin rufi ɗaya ba, ina magana da Hausa Likita yana fassara. Na ba su labarin Yaya Sale, na ce mu ma mun san Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya warkar da kutare da izinin Allah, don darajarsa su taimake mu. Ban rufe baki ba sai ɗakin ya miƙe, ana waƙa, tsofaffin mata suna kuka, shugaban taron ya ɗora hannu a kaina yana addu'a, wani ya ɗauki hoto. Turancina na kwalabar magani ne, ban gane abin da ake cewa ba, na ga ana roƙon Allah na ce amin.

Mun dawo lafiya, maganin ya biyo mu, Yaya Sale ya fara sha, mikinsa ya soma bushewa. Ina cikin murna, ran kasuwar Nguru, sai wani akawun reluwe ɗan kudu ya rungume ni a layin 'yan kifi, yana ɗaga wata mujalla yana kirana ɗan'uwa. Hotona ne a ciki da hannun Baturen nan a kaina. Shi bai nufe ni da sharri ba, murna yake, ya fassara wa kowa da ƙarfi cewa an rubuta ni ne mutum na farko da ya karɓi addininsu a ƙasar Bade. Kafin in koma gida labarin ya hau motar Gashuwa.

Ba Modu ya zo da ƙannensa ya kwashe Fanna da ɗanmu, ga ta da tsohon ciki. Na durƙusa na rantse masa, na yi kalmar shahada a gabansa, ya ce da baki kowa na iya yi, hoto kuma ba ya ƙarya. Sharaɗinsa shi ne in bar aikin mishan, in tsaya a masallacin Juma'a na Gashuwa in wanke kaina, sannan in sa a rubuta wa mutanen Ingila cewa ƙarya aka yi mini, su buga kamar yadda suka buga na farko. In ba haka ba, da ta haihu zai kai magana gaban alƙali a raba auren, suna ma ba za a gayyace ni ba.

Na sami Likita a ofis raina a ɓace. Ya rantse shi bai ce na bar addinina ba, mai rubutun ne ya ƙara, amma ya yarda ya ga mujallar tun kafin ni ya yi shiru. Na ce to ya gyara. Sai ya cire tabarau ya ce, “In na rubuta, za su ce na yaudare su, su kira ni gida. Ban san ko maganin zai ci gaba da zuwa ba. Ka ba ni lokaci.” Lokacin ne kuwa ba ni da shi.

Na gaya wa Yaya Sale komai. Ya ce, “Je ka ɗauko matarka. Yatsuna sun riga sun tafi.” Amma ba shi kaɗai ke shan maganin ba, akwai yara da ciwon bai taɓa yatsunsu ba tukuna, ni nake ba su da hannuna. Fanna kuma ta aiko wata mai sayar da tabarma ta gaya mini ita ta yarda da ni, amma ba za ta iya saɓa wa mahaifinta ba, in yi sauri.

A masallacin unguwa yanzu in na shiga sahu sai na kusa da ni ya matsa. A asibiti kuma wasu na gaishe ni da wani sunan Kiristoci da ba nawa ba.

Jama'a, in tsaya a masallaci ba ya ba ni tsoro, gaskiya zan faɗa. Rubutun nan da barin aikin su ne suka hana ni sukuni. In na yi, na sami iyalina, wataƙila na yanke wa bayin Allah magani. In na yi shiru, ɗana zai tashi ana nuna shi ana cewa ga ɗan wanda ya bar addini, alhali ban taɓa barin salla ba. Malamai da dattawan da ke karanta wannan, akwai wata hanya da ban gani ba? Ku amsa mini da wuri don Allah, Fanna ta shiga watanta.