Fitilar Matakala Ba Ta Ganina

Zuwa ga mai wannan fili,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Ban saba kai kukana wurin kowa ba, balle jarida, amma abin ya kai inda ba ni da wanda zan faɗa wa ban ji kunya ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Na yi makaranta ne a zamanin da in ka tsallake gaisuwa a wasiƙa malami ke jan kunnenka, saboda haka ina gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da iyali.

Ni tsoho ne, na haura tamanin, na yi ritaya daga aikin akawu a tashar jirgin ƙasa. Ina zaune ni kaɗai a hawa na uku na wani tsohon gidan bene mai iyalai da yawa, wanda ba shi da lifta, wato na'urar da ke hawa da mutane sama. A nan muka yi zamanmu da mai ɗakina har Allah ya karɓi abinsa. Kujerarta tana nan bakin taga inda ta bar ta. 'Yarmu ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisa, muna waya.

A gidan nan Baba Kashe-Wuta ake kirana, don ba na iya wuce fitila tana ci a banza ban kashe ta ba. Marigayiya takan ce da rana tana da makunni, da kullum sai na kashe ta in za mu fita unguwa. Na faɗi wannan ne don ki gane irin mutumin da abin ya samu.

Bara kwamitin mazauna gidan ya kira taro a kan rage wutar da ginin ke sha. Aka yi mana bayani cewa wutar da muke bari tana ci, a wani wuri ake ƙona mai ko gawayi kafin a samar da ita, hayaƙin kuma shi ke ƙara ɗumama duniya. Aka ce za a shafe rufi da farin fenti don rage zafi, a toshe kafofin tagogi, a sauya ƙwayayen fitila. Sai maganar matakala. Matakalarmu ba ta da taga ko ɗaya, ko da rana tsaka duhu ce, shi ya sa fitilunta ke ci dare da rana tun da aka gina gidan. Aka ce za a sa na'urar da ke jin motsi, in mutum ya taho ta kunna, in ya wuce ta kashe. Wasu suka fara gunaguni. Ni kuwa na miƙe da sandata na yi jawabi, na ce shekara da shekaru fitilun nan suna haska bango babu kowa, kuma jikokinmu ne za su shaƙi hayaƙin. Da aka zo kan tsawon lokacin da fitila za ta yi kafin ta mutu, ni da bakina na ce a sa mafi gajarta. Aka tafa mini. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi, don na manta rabon da a saurare ni a taro.

To, an sa na'urar, kuma tana aiki. Masu ƙarfin ƙafa kan sauka a guje, haske na binsu hawa-hawa, gwanin sha'awa. Ni ne ba ta gani. Saukata a hankali ce, hannu ɗaya a ƙarfen riƙewa, ɗaya a sanda, kuma dole in tsaya in huta a kwanar matakala. Kafin in kai kwanar, fitila ta mutu. Cewa aka yi in ta mutu ka ɗaga hannu ka kaɗa. Wane hannun zan ɗaga? Na gwada kaɗa kai, na gwada tari, har sallama na taɓa yi mata. Ashe motsin tsoho bai kai a kira shi motsi ba.

Na ɗan jure, sai na fara rage fita. Da can kullum da hantsi nakan sauka in zauna a bencin ƙofar gida tare da wani tsohon direba da ke tsallaken titi. Shekarunmu ɗaya. Shi yana kirana Akawu, ni ina kiransa Sarkin Birki, don birki ya taɓa ƙwace masa ya rusa katangar surukinsa. Ba wata hira muke yi ba, yawanci gardama ce a kan abin da muka ji a rediyo. Da na daina sauka ya bugo waya yana tsokanata, wai ko na yi sabuwar amarya ne na ɓoye. Na ce mura ce.

Watan jiya ɗansa ya kira ni, ya ce jikin baban ya yi tsanani, kuma yana ta tambayata. Na sa riga na ɗauki sanda. A kwana ta farko wuta ta mutu, ƙafata ta nemi mataki ta rasa, na zame na zauna daɓas. Ban karye ba, gwiwa ce ta kumbura. Amma tsoro ya shige ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na zauna cikin duhu ina jin muryoyin mutane a bayan ƙofofinsu, ana soya abinci, ana yi wa yara faɗa, na kasa kiran kowa. Can sai telar da ke hawa na biyu ta fito da kaya a hannu, fitila ta kama. Ta ce Baba lafiya, na ce takalmi nake gyarawa. Da ta wuce na rarrafa na koma sama cikin haskenta. Na ce gobe zan je. Goben ba ta same shi ba. Ta taga na ga an fito da shi, ina tsaye riƙe da kujerar marigayiya. Har yau ban je na yi wa iyalinsa gaisuwa ba, ban san me suke ɗaukata ba.

Yanzu mai shagon da ke ƙasan benenmu ke aiko mini da cefane. 'Yata ba ta san komai ba, kullum ina ce mata na fita na sha iska. Ta daɗe tana cewa ranar da matakala ta gagare ni za ta zo ta ɗauke ni, kuma ƙarshen watan nan tana tafe. Na san gidanta da alheri, amma can ba wanda ya san mai ɗakina, ba wanda ya san ni wani abu ne kafin in zama tsoho. Ina so in ƙarasa kwanana a ɗakin nan.

In na je wurin kwamiti, da wane baki? Shugaban har yanzu da ni yake misali in ana gardama, yana cewa ko Baba ya yarda. Magana zarar bunu ce. Kuma har ga Allah ban canza ra'ayi ba, abin da aka yi daidai ne, ba na so a koma barin wuta tana ci saboda mutum ɗaya da ya kusa tafiya. Shin in yi shiru in bi 'yata, ko yaya zan yi?

Naki,
Tsoho a hawa na uku

*

Baba,

Allah ya jiƙan Mama, ya jiƙan amininka, ya ba ka haƙuri. Na karanta wasiƙarka har ƙarshe.

Bari in fara da abin da ya fi sauƙi. Ba sai an zaɓa tsakanin rage wuta da ƙafarka ba. Irin waɗannan na'urori yawanci ana iya saita su: a ƙara tsawon lokacin da fitila ke yi, a ƙara musu jin motsi. Ana iya ƙara ɗaya a kwanar da kake hutawa. Akwai kuma tsarin da fitila ba ta mutuwa ɗungum, sai ta rage haske in babu kowa, ta ƙaru in an taho. Da ƙwayayen zamani masu shan wuta kaɗan, abin da wannan gyara zai ƙara bai taka kara ya karya ba in aka gwada da yadda ake barinsu da. Aikin mai gyaran wuta ne na ɗan lokaci.

Kwamitinku ya yi abin kirki, kai ma ka yi gaskiya a taron. Kuskuren ɗaya ne, an auna lokacin da ƙafar matasa. Kuma ina tabbatar maka ba kai kaɗai ba ne. A gida mai iyalai da yawa ba a rasa mai juna biyu, ko mai goyo da kaya, ko wanda ya taso daga jinya. Wataƙila suna shiru ne don an ce ko Baba ya yarda. Ka ga ke nan babu bakin da ya fi naka dacewa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba sai ka jira taro ba, ka buga wa shugaban waya yau, ka ce ya hau sama, sannan ku sauka tare da irin tafiyarka. In wuta ta mutu muku a kwana, ba ka buƙatar jawabi.

Kafin a gyara, kada ka sake taka matakalar kai kaɗai. Ka sa mai shago ya samo maka tocilar da ake ɗaurawa a goshi, wayarka kuma ta zauna a aljihu. Gwiwar nan da idanunka likita ya duba su.

Sai 'yarka. A nan zan ɗan ja kunnenka, da girmamawa. Tsoronta ba na banza ba ne, ka faɗi, kuma ba wanda ya sani. Ka gaya mata kafin ta zo, har da faɗuwar. In ta iso ta tarar an gyara fitila, ka ga likita, maƙwabta sun san halin da kake ciki, kana da hujjar zama a ɗakinka. In kuwa a bakin mai shago ta ji, ba za ta sake yarda da "na fita na sha iska" ba, kuma ba zan ga laifinta ba. Wata rana matakalar tana iya gagararka ko da haske. In ranar ta zo, ku yanke shawara tare. Amma kada ka bar gidanka saboda abin da sukurdireba ke gyarawa.

Game da amininka, ba ƙin zuwa ka yi ba, ka taso, duhu ya tare ka. Ɗansa ya cancanci ya ji haka daga bakinka, don kada ya zauna da zaton ka share babansa. Ka ƙwanƙwasa wa telar nan, ka gaya mata ba takalmi kake gyarawa ba ran nan, ka roƙe ta ta sauka da kai ta tsallakar da kai titi. Ina kyautata zaton ita ma ba ta yarda da maganar takalmin ba.

In kun dawo daga gaisuwar, kada ka yi saurin hawa sama. Ka ɗan zauna a bencin, ko da babu abokin gardama, mutanen gidan su gan ka.

Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, ya sa ka daɗe kana kashe mana fitilun da ba kowa a ƙarƙashinsu.