Kalmar Sirrin da Ta Faɗo Hannuna Ni Kaɗai

Zuwa ga Shugaban kamfanin da muke hayar kwamfutarsa ta intanet,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman Rano da Kibiya. A kwamfutarku muke ajiye jerin layin tarakta, wato wanda za a fara yi wa huɗa idan ruwa ya sauka. Tambaya ce ta kawo ni, ranka ya daɗe, ko da yake akwai ɗan ƙorafi a gindinta.

Na ɗaya: a da, in za a sabunta kalmar sirri, mu ke zaɓa. Shugabanmu Alhaji Dauda na Kibiya ya rubuta rabi, ya kau da kai, ni na Lausu ta Rano in ƙarasa. Ba mai shiga sai da ɗan'uwansa. Haka ma rumbunmu yake, kwaɗo biyu, makulli biyu.

Na biyu: bana Alhaji ya manta rabinsa. Da na danna wurin sabuntawa, ba a tambaye ni komai ba, sai ga wasu haruffa da lambobi a cakuɗe, cikakku, a gabana ni kaɗai. Na san sun fi tamu wuyar cinta, don rabin Alhaji ban raba ɗaya biyu sunan ƙauyensu ne. Amma wa kuke tsare mu daga gare shi? Ɓarawon nesa kawai? Shin a cikinku ba wanda ya taɓa zama a ƙungiyar da ake tsoron mai riƙe da makulli?

Na uku: surukina ya fito na biyu a layi. Da kuri'a ya samu, wallahi ban taɓa komai ba. Sai dai yanzu ba ni da shaida, kuma a kasuwa an fara amsa mini gaisuwa a gajarce. Abin ya yi mini ciwo.

Roƙona, ku dawo mana da zaɓi, ko ku raba kalmar taku gida biyu, ku tura wa mutum biyu. In akwai dalilin da ya hana, ku bayyana mini, ina son in sani.

Kafin amsarku ta iso, na mayar da sunana ƙarshen layi don bakuna su mutu. Ruwa ya sauka, gonata ce kaɗai ba a huɗe ba a gefenmu.

Allah Ya ƙara basira, Ya yi wa aikinku albarka.

Wassalam.
Sakatare, daga Lausu.