Inna ta ce sai na raba allurata da Yayana

Daga Admin: Wani ɗan'uwa ne ya turo, ya nemi a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, ina fata kowa ya tashi lafiya, ya iyali ya hidima. Don Allah ku ba ni shawara. Wanda zai zage ni kuma ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, don kaina ya riga ya ɗau zafi.

Ni malamin firamare ne a Karaye, ina zaune a Unguwar Hajji da iyalina. Mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu, ni da Yayana, shi yana Rogo, Inna ma tana wurinsa. Akwai wani ciwon baya da yake bin gidanmu. Da shi babanmu ya rasu, tun da na buɗe ido na san shi a duƙe, in zai kalli fuskar mutum sai ya ja da baya ya karkata jikinsa gaba ɗaya. Ranar da ya rasu masu wanka sun yi iya ƙoƙarinsu ba su iya miƙar da shi ba, a tanƙware aka sa masa likkafani. Inna tana tsakar gida ta ga fitar makarar da idonta, har yau ba ta iya maganar nan ba ta yi kuka ba.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ne ya ɗauki gona, ya bar makaranta don ni in yi. Gyaɗarsa ce ta kai ni har na zama malami, wannan ko maƙiyina ya sani. Yana cikin ƙarfinsa ciwon ya kama shi. Aka ce basir ne, aka ce sanyi ne, wasu suka ce jifa ne. Babu abin da ba a yi ba, saiwa, jiƙe-jiƙe, ƙaho, bayansa duk tabon tsagar wanzami ne. Yanzu ya duƙe kamar Baba, a kan kujera yake salla, goshinsa ya shekara nawa bai taɓa ƙasa ba.

Ni ma sai ga shi ya zo mini. Da asuba in tashi bayana ya sandare kamar an ɗaura mini itace, sai na yi ta zagaye tsakar gida kafin ya saki. Abin mamaki in na huta ya fi tsanani, in ina motsi ya lafa. Dunduniyata ta kama ciwo, ido ɗaya ya riƙa yin ja. Shi ne aka tura ni wani babban asibiti a Kano, aka ɗauki hoton baya da ƙugu, aka ɗebi jini. Likitar da ta duba ni, wata baiwar Allah mai haƙuri, ta ce sunansa axial spondyloarthritis, har yau sai na duba katina nake iya rubuta sunan. Ta ce ba jifa ba ne ba basir ba ne, garkuwar jikin mutum ce take kumbura gaɓoɓin ƙashin bayansa, in an bar shi ƙasusuwan su yi ta haɗewa har su zama sanda ɗaya, kuma yana iya bin jini. Ta ce suna wani bincike a kan wata allura, suna neman masu irin ciwon, za a bayar kyauta ana bibiyar mutum, amma sai an yi gwaje-gwaje an ga ya dace.

Wallahi abin da na fara tunawa Yaya ne. Na koma Rogo na ɗauko shi a mota, hanyar nan duk ramin da muka faɗa sai ya cije leɓe. Aka gwada mu tare. Ni aka ɗauke ni, shi aka ce a'a. An samu ƙwayar cutar hanta a jininsa, kuma ta fara taɓa hantar. Likitar ta ce allurar tana rage ƙarfin garkuwar jiki, in aka yi wa mai irin wannan ba tare da an shawo kan hantar ba, cutar za ta iya tashi ta gama da shi cikin ɗan lokaci. Ta ƙara da cewa ko da an yi masa, ƙashin da ya riga ya haɗe ba zai buɗe ba, sai dai zafin ya ragu. Ta haɗa shi da masu duba hanta, ta koya masa motsa jiki. Muka dawo gida.

Na fara allurar. Bayan na saba, sai suka riƙa ba ni a 'yar kula da ƙanƙara in tafi da ita gida, ina ajiyewa a firjin sola na wani mai kemis maƙwabcina, in lokaci ya yi in yi wa kaina a cinya, in na koma asibitin in mayar musu da ƙwanƙon allurar. Jama'a, Allah da ikonsa, na samu sauƙin da ban taɓa zato ba. Ina tashi garau, ina hawa babur, ina ruku'u da sujjada kamar kowa. To nan ne fa matsalar ta taso. Ranar da na je gaishe su a Rogo na durƙusa har ƙasa na gaida Inna, na miƙe tsaf ba tare da na dafa bango ba. Ta kalle ni, ta kalli Yaya a kan kujerarsa, tun daga nan na ga fuskarta ta canza.

Ku fahimce ni, a gidanmu ba a cin abu a ɓoye. Ƙwai ɗaya Inna take dafawa ta raba mana biyu da zare. Magani ma haka ne, in an rubuta wa ɗaya kowa mai irin ciwon sai ya sha. Don haka a wurinta maganar ba ta da wani tsawo, ta ce in yi wannan karon, shi a yi masa na gaba, tunda ciki ɗaya muka fito, ciwo ɗaya ne. Na yi mata bayanin hanta, ta ce ita ba ta ga hanta ba, baya ta gani. Na ce zai iya mutuwa, ta ce da ma raye yake a haka? Na ce amana ce aka ba ni, in na raba nawa ciwon zai dawo, kuma abin da likitocin za su rubuta a kaina ƙarya zai zama, da shi za a yi wa wasu bayin Allah magani gobe. Ta ce wato na fifita amanar likita a kan amanar wanda ya ci da ni. Raina ya ɓaci na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba, na ce ni ba zan zama sanadin ajalin ɗan'uwana ba. Sai ta dafa ƙirjinta ta ce in na hana shi, ba ta yafe mini nonon da na sha ba.

Tun daga ranar ba ta amsa gaisuwata. Na aika mata da shinkafa da mai, aka dawo mini da su a kan babur ko buɗewa ba a yi ba. Na kai maganar wurin wani malami da take jin maganarsa, ya ce ba a yi wa iyaye biyayya a cutar da rai, ya je ya same ta, ta saurare shi tsaf ta ce Allah ya saka wa malam, amma shi bai ga yadda aka fitar da mijinta a tanƙware ba. Dangi kuma sun ɗauka, a Rogo yanzu sunana wanda ya samu ya manta. Wani ɗan kawuna ya ce in sa mai kemis ya ɗura ruwan allura kawai a yi wa Yaya, kowa ya huta. Na yi tunanin hakan, amma yaya zan yi in ya daina zuwa wurin masu hanta yana jiran sauƙin da ba zai zo ba?

Duk wannan ina daurewa, saboda na ɗauka Yaya yana tare da ni, ai da kunnensa ya ji likita. Shekaranjiya ya kira ni a waya. Ya tambayi yara, ya tambayi makaranta, sannan ya ce, "Ƙanena, na ji duk abin da likita ta ce, ban manta ba. Na san ba zan miƙe ba. Amma na gaji. Ka ba ni ko ɗaya ce in ji yadda jiki yake ba ciwo, abin da ya biyo baya ni da Allah ne, na yafe maka." Mutumin nan tun da nake bai taɓa roƙona ko allurar ɗinki ba. Daga nan ya kashe wayar.

Inna ta aiko cewa ranar Juma'a in zo da kular, in ba haka ba kada in sake taka mata gida, ko gawarta ba ta yarda in tsaya a kai ba. A raina na san ba zan iya tsira masa allurar nan ba, amma ban san da wane baki zan faɗa masa ba. Likitoci da malamai da iyaye mata na wannan zaure, ku gaya mini, in je hannu rabbana in rungumi fushin uwa? In gaya wa likitar komai ko za ta karɓe allurar daga hannuna, in rasa nawa sauƙin don a huta? Ko akwai wata hanya da ban gani ba?

Yau da asuba na kai goshina ƙasa sai na tuna shi a kan kujera, wallahi da ƙyar na ƙarasa sallar. Don Allah ku taimake ni kafin Juma'a.