Kalkuletar da Yaya Ta Ba Ni

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yar lelena. Ya ƙafar Mama, kumburin ya saɓe? Ki ce mata ina cin abinci, ta daina aiko mini da faɗa.

Yaya, abin da na kasa faɗa a waya shi zan rubuta. Ƙanwarki da kike kira gwanar lissafi ta zama abar tausayi. Tun da muka shiga lissafin kusurwa, gwaji uku na yi, duka na sha ƙasa, har fiziks ya bi sahu. Ga shi makaranta ta ce mutum talatin kacal za ta yi wa rajistar jarrabawar kimiyya, mu kuwa arba'in da biyu ne. Gwajin wata mai zuwa shi zai raba gardama. Wadda ba ta shiga talatin ba, sai baɗi.

Akwai 'yan ajinmu da ke zama a ɗakin gwaje-gwaje bayan an tashi, suna bitar tsofaffin tambayoyi. Dokarsu ɗaya: wadda ta faɗi tambaya ita za ta hau allo ta sake ta, kowa na kallo. Ni in je in tona wa kaina asiri? Kin san ni da girman kai.

Na gode da tsohuwar kalkuletarki ta jami'a, kullum tana jakata. Ki sa ni a addu'a, wallahi ina jin tsoro.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Ki zauna da kyau, yau da ke zan yi!

Wuya ta sa na haɗiye girman kan, na hau allon nan. Na bi tambayar daki-daki, kowa na gyaɗa kai, amma da na latsa kalkuleta sai amsa ta fito wata iri. Na sake, haka. Hawaye ya cika mini ido.

Akwai wata da muke kira Shiru-shiru, mai maimaita aji, tana zama can baya kusa da famfo. Ko gaisuwar kirki ban taɓa yi mata ba. Ita ta taso ta ce in ba ta kalkuletar. Ta nuna mini wani ɗan harafi a saman gilashin, ƙanƙane kamar ƙwayar yashi. Ashe kin bar ta a kan ma'aunin da kuke aiki da shi a jami'a, mu kuwa da digiri muke auna kusurwa! Ta latsa maɓalli biyu, amsa ta fito cif. Haba Yaya, wata biyu ina zagin ƙwaƙwalwata a banza!

Daga baya ta gaya mini abin da ya kayar da ita bara ke nan. Ta aro kalkuletar wani ɗan'uwanta, ba wanda ya duba mata, sai bayan sakamako ta gano.

Tun ranar muke zama benci ɗaya. Ina ja mata lissafin sinadarai da ke ba ta wuya, tana dawo da ni hanya a fiziks.

An yi gwajin, jiya aka kafe sunayen mutum talatin ɗin. Na zo ta goma sha biyu, alhamdu lillahi. Na bi takardar da yatsa ina neman nata har layin ƙarshe. Ita ce ta talatin, da maki ɗaya ta tsira.

Sai a lokacin na yi lissafin da ita ta riga ta yi tun ranar allo: ɗaga ni da ta yi, kujera guda ta rage wa kanta. Na tambaye ta ko ta san haka. Ta ce ta sani sarai, har ta ɗan jima a zaune kafin ta taso, amma ta san ɗacin maimaita aji, ba za ta iya kallon wata ta sha shi ba.

Yaya, ban san da bakin da zan gode mata ba. Ki gaya wa Mama, in tana yi mini addu'a, yanzu mu biyu ne.

Taki har kullum,
Auta