Kunyar 'Yar Fari

Baure,
Maris, 1976.

Zuwa ga Yaya Maiturare,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, Yaya, ga abin da ya faru. Tun da Maigida ya tafi Ikko jigilar siminti, 'yar nan taki, ta farin tawa, ta mai da shagon maƙwabciyarmu Madam Virginia, matar Cosmas mai kayan mota, gidanta na biyu. Ban damu ba, Madam mutuniyar kirki ce. Shekaranjiya na zuba wa yarinyar tuwo, sai ta taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu irin na Kirista, a gaban surukata! Inna ta saki ludayi tana salati. Ta rantse ranar Laraba za ta tafi da ita garinsu, Babban Mutum, ta riƙe, tunda uwar ta kasa.

Na je wa Madam a fusace. Ta ce wallahi ba ta koya mata ba, gani kawai ta yi. Ta ce, "Yarinya yana tambaya da yawa, ni ina ba shi amsa. Ya ce mama bai san komai ba, ko suna nasa bai sani ba."

Ni Kulu, da na sauke Alƙur'ani! Kunyar 'yar fari ce fa, yadda mahaifiyarmu ta yi miki. Shekara huɗu "ke" nake ce mata, in ta yi tambaya cikin mutane in kau da kai. Ashe duk tana lura da mai amsawa da mai shiru, har ta zaɓi malamarta. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Don Allah ki zo ki ba Inna baki, tana jin maganarki.

Jiya da hantsi, Inna na zaune a tsakar gida, na cije na ɗaga murya: "Adama! Zo in koya miki bisimilla." Ta sheƙo da gudu, ta dafa gwiwata tana washe baki, ta ce, "Madam ce ta gaya miki sunana?"

Na ce mata e, Yaya. In na ce a'a ba za ta yarda ba.

Ki gaishe da Malam da yara.

Taki ƙanwa,
Kulu.